HANYAR ZAMA LIKITAN GASHI BAYAN DIGIRI NA FARI

Ran wata Asabar da yamma wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo gida tare da mahaifinta. Ta gama jami'a da digiri a ilimin halittu, ta yi hidimar ƙasa, tana kuwa koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Bayan an gaisa an sha ruwa, uban ya zaro takarda daga aljihu, ya ce, "Malam, ga abin da ya kawo mu. Yarinyar nan ta ce likitan gashi ta ke so ta zama. Wani mai nema wa mutane makaranta a ƙasashen waje ya samo mata gurbi a Ingila, karatun shekara ɗaya tak. Ina da fili a bakin titi, ga mai saye ma ya fito. Ka duba mana kafin in sa hannu."

Ba mu yi mamakin burin yarinyar ba, gama mun san abin da ya faru a gidansu. Shekara biyu kafin wannan, mahaifiyarta ta kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ita ce ta riƙa kai ta sashen gashi na asibiti mako bayan mako, har ranar da uwar ta iya ɗaura zanenta da kanta, ta taka zuwa ƙofar gida da sanda. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ba ya mantawa.

Muka karanta takardar daga sama har ƙasa. Jami'ar ta gaskiya ce, karatun kuma na gaskiya ne, digiri na biyu a ilimin motsa jiki da farfaɗo da majiyyata. Amma da muka nemi cikakken bayanin kwas ɗin, sai ga layi ɗaya a can ƙasa yana cewa wanda ya gama shi ba zai sami rajistar aikin gashi da shi ba. Da an sayar da filin nan, da yarinyar ta komo da takarda mai kyau wadda ba za ta ba ta ikon taɓa majiyyaci ko ɗaya ba.

Tun daga ranar muka ga ya kamata mu rubuta wa iyaye da matasa abin da muka sani a kan wannan hanya. Kan maganar shi ne wannan: takardar digiri dabam, izinin aiki dabam. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi hasarar kuɗinsa da shekarunsa ba.

Wane Ne Likitan Gashi?

A asibitocinmu a kan ce "sashen gashi," waɗansu kuma su ce "fisiyo." 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa "kine" su ke cewa, bisa ga Faransanci. Mutane da yawa suna tsammani aikin bai wuce haska wa mutum fitila mai zafi a baya, ko murza masa gwiwa da man shafawa ba. Zafi da tausa suna ciki, amma ƙaramin sashe ne na aikin. Babban makamin likitan gashi shi ne motsi. Ya kan duba majiyyaci, ya auna ƙarfin tsokarsa da lanƙwasuwar gaɓoɓinsa, ya gane inda matsalar ta ke, sa'an nan ya shirya masa motsin da zai riƙa yi, a asibiti da kuma a gida, har jiki ya koma bakin aikinsa gwargwadon yadda zai yiwu.

Bari mu ɗauki shanyewar ɓarin jiki. Sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, wani yanki na ƙwaƙwalwar ya kan lalace. Hannun da ya shanye lafiyarsa lau, saƙo ne ya daina isa gare shi. Sauran ƙwaƙwalwar kuwa tana iya koyon wani sashe na aikin da ya ɓace, idan aka yi ta maimaita motsi ɗaya sau da yawa, ta hanyar da ta dace. Yawancin sauƙin da a ke samu ya kan zo ne cikin wata uku zuwa shida na fari. Idan kuwa aka bar mutum a kwance, gaɓoɓi su kan sandare, bayansa ya yi gyambo, kafaɗa ta yi ciwo. Sanin abin da za a motsa, da lokacin da za a motsa shi, da inda za a tsaya, shi ne ilimin da a ke zuwa jami'a a koya.

Hakanan likitan gashi ya kan yi aiki da wanda aka cire wa filasta bayan karaya, da wanda aka yanke wa ƙafa zai koyi tafiya da ta roba, da jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe, da yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa har bai iya zama ba. Akwai yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba daidai ba, ta taɓa babbar jijiya, ƙafarsa ta riƙa jan ƙasa. Akwai wanda ya ƙone, fata tana neman ta ƙanƙance ta riƙe masa hannu. Akwai majiyyacin da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, majina ta cika masa ƙirji. Ga kuma manomi da mai daka da mai ɗinki, waɗanda ciwon baya ya hana su neman abinci.

Bukatar ba kaɗan ba ce. A shekara ta 2020 aka buga wani babban bincike da ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hannu a ciki, wanda ya nuna mutum wajen biliyan 2.4, watau ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da wata larura da aikin farfaɗo da jiki zai taimaka mata. Ciwon baya ne ya fi yawa a cikinsu. A watan Mayu na 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri yana kira ga ƙasashe su ƙarfafa wannan aiki cikin tsarin lafiyarsu.

Inda Aikin Ya Fito

A shekara ta 1894 waɗansu mata huɗu masu aikin jinya a Ingila suka kafa ƙungiyar masu tausa waɗanda aka horar, domin a bambanta su da masu yin aikin ba tare da sani ba. Ƙungiyar ta sami takardar amincewar Sarkin Ingila a 1920. Yaƙin Duniya na Fari ya bar dubban sojoji da raunuka, aka kuwa horar da mata da yawa a Amurka su taimake su su koma tafiya. Su ne suka kafa ƙungiyarsu a 1921, Mary McMillan ce shugabarsu ta fari. Daga baya annobar shan inna ta ƙara bukatar aikin, gama a 1952 kaɗai cutar ta kama mutum kusan 58,000 a Amurka. A 1951 aka kafa ƙungiyar masu aikin gashi ta duniya, shi ya sa a ke tunawa da aikin kowace ranar 8 ga Satumba.

Tsofaffinmu da suka yi aiki a asibitocin kuturta na mishan, kamar na Garkida, da Yadakunya kusa da Kano, da Danja kusa da Maradi, sun san wani reshe na wannan aiki tun kafin su ji sunansa. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a asibitin Vellore na Indiya tun daga 1946, ya nuna cewa ba cutar ce ta ke cinye yatsu kai tsaye ba. Jijiya ce ta ke mutuwa, mutum ya daina jin zafi, ya yi ta ƙonewa yana jin rauni bai sani ba. Saboda haka jiƙa ƙafa a ruwa, da shafa mai, da miƙe yatsu kowace rana, da sa takalmi mai taushi, suka zama magani.

A Nijeriya kuwa aikin ya soma a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, ta hannun Turawan Ingila biyu waɗanda suka horar da mataimaka. Aka kafa ƙungiyar masu aikin ta ƙasa a 1959. Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a 1966. A Arewa, an fara horon ne a Kano a ƙarshen shekarun 1980, a harabar asibitin ƙashi na Dala, yau kuwa yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Jami'ar Maiduguri ta biyo baya. Doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar da a ke kira MRTB, ita ce ke yi wa masu aikin rajista, ta ba su lasisi.

Abin lura cikin wannan tarihi shi ne, tun daga matan nan huɗu har zuwa dokar 1988, damuwar ɗaya ce: kada wanda bai ƙware ba ya taɓa jikin majiyyaci. Saboda haka ne ƙasashe da yawa su ke da mai tsaron ƙofa, jami'a kuwa ba ita ce mai tsaron ba.

Digiri Na Biyu Iri Biyu Ne

A nan ne iyalai su ke ruɗewa. Akwai digiri na biyu wanda aka shirya domin wanda ya riga ya zama likitan gashi, yana so ya ƙara zurfi a fanni ɗaya, kamar ciwon ƙashi da gaɓoɓi, ko cututtukan jijiya, ko na yara, ko raunukan 'yan wasa. A Ingila irin wannan ya kan ɗauki shekara ɗaya. Kusa da shi akwai waɗansu kwasa-kwasai masu sunaye masu kama da na aikin gashi, waɗanda su ke karɓar mai digiri a ilimin halittu ko na wasanni. Ilimi ne mai amfani, amma ba ya mai da mutum likitan gashi. Irinsa ne aka samo wa ɗalibarmu.

Akwai kuma iri na biyu, wanda aka shirya musamman domin mai digiri a wani fanni dabam da ya ke so ya shigo aikin. A jikin sunansa a kan rubuta cewa karatun "kafin rajista" ne, watau wanda ya gama shi yana da ikon neman a sa sunansa cikin littafin masu aikin. Wannan shi ne ƙofa. Ba kowace ƙasa ce ta ke da shi ba, a inda ya ke kuwa tsawonsa da sharuɗɗansa sun bambanta.

Ƙofar Ingila

A Ingila da sauran ƙasar Birtaniya yawancin ɗalibai su kan shiga aikin ta digiri na fari, shekara uku, ko huɗu a Sikotilan. Amma jami'o'i da dama suna da digiri na biyu na kafin rajista, mai shekara biyu. An matse karatun shekara uku ne cikin biyu, don haka hutu kaɗan ne, ba kuwa a komawa baya a jira wanda bai gane ba. Galibi a kan nemi digiri mai daraja ta biyu ta sama, a fannin da ya shafi jikin mutum, kamar ilimin halittu, ko ilimin yadda jiki ke aiki, ko kimiyyar wasanni. A kan so mai nema ya nuna ya taɓa zama kusa da aikin, ya san ba tausar 'yan ƙwallo kaɗai ba ne. A kan yi masa ganawa, a duba lafiyarsa, a bincika ko ya taɓa aikata laifi, tun da ya ke za a damƙa masa yara da tsofaffi.

Kafin ɗalibi ya gama, wajibi ne ya cika aƙalla awa 1,000 yana koyon aikin a aikace a ƙarƙashin idon ƙwararre. Sa'an nan ya nemi rajista wurin hukumar da a ke kira HCPC. Bisa ga dokar ƙasar, laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan aiki idan ba shi cikin littafinta. Hukumar tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su, kowa yana iya dubawa a intanet kyauta. Kwas ɗin da babu shi cikin jerin nan, kome kyawun sunansa, ba ƙofa ba ne. Wanda ya fito daga waje kuma a kan nemi shaidar Turancinsa, yawanci maki 7 a jarrabawar IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba.

Ƙofar Amurka Da Kanada

A Amurka babu hanyar shiga aikin ta digiri na fari. Galibi sai mutum ya gama digirinsa na shekara huɗu tukuna, sa'an nan ya nemi digirin da a ke kira DPT, wanda galibi ya kan ɗauki shekara uku. Tun daga 2016 shi kaɗai ne digirin da makarantun da aka amince da su su ke bayarwa ga sababbin shiga. Ba a cika damuwa da sunan digirin fari ba, muddin mutum ya ci darussan da a ke bukata: sassan jikin mutum, da yadda jiki ke aiki, da ilimin halittu, da kemistiri, da fizis, da ilimin halin ɗan Adam, da ƙididdiga. Makarantu da yawa su kan so ya kawo shaidar awoyin da ya yi yana kallon likitan gashi a bakin aiki. Cikin shekara ukun nan akwai mako 30 ko fiye na cikakken aiki a asibiti. Bayan an gama sai jarrabawar ƙasa, sa'an nan jihar da mutum zai zauna ta ba shi lasisi. Wannan "dakta" na DPT ba likitan tiyata ba ne, ba kuma mai digirin bincike na uku ba ne. Suna ne na matsayin karatun aikin gashi.

A Kanada ma digiri na biyu ne ƙofar shiga, a yawancin jami'o'i wajen shekara biyu ne, gurabe kuwa kaɗan ne, 'yan ƙasa a ke fara dubawa. Faransa, wadda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi su kan fi duban wajenta, tsarinta dabam ne: tun daga 2015 shekara ɗaya ce a jami'a, sa'an nan shekara huɗu a makarantar koyon aikin.

Ƙofar Gida

To, a Nijeriya fa? A nan ƙofar shiga aikin ita ce digiri na fari. Digiri na biyu da na uku da a ke yi a jami'o'i kamar Ibadan da Bayero na waɗanda suka riga suka zama likitocin gashi ne. Ɗalibin da ya fito daga sakandare yana bukatar kiredit biyar, watau Turanci, da lissafi, da fizis, da kemistiri, da ilimin halittu, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Shekaru da yawa karatun shekara biyar ne. A watan Janairu na 2025 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da sanarwar ɗaga shi zuwa matsayin DPT mai shekara shida. Bayan karatu akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, kafin cikakkiyar rajista.

Mai digiri a fannin kimiyya da ya ke so ya juyo, hanyarsa ita ce neman shiga kai tsaye ta hannun JAMB, inda jami'o'in da ke karɓa su kan sa shi a aji biyu. Kowace jami'a da nata sharaɗi a kan irin digirin da ta ke karɓa da darajarsa, gurabe kuma ba su da yawa. Idan muka yi lissafi, shekara huɗu ke nan a tsohon tsari, biyar a sabo, ban da shekarar sanin makamar aiki. Doguwar hanya ce, ba mu ɓoye ba. Zai kuma zauna aji ɗaya da waɗanda ƙannensa ne a haihuwa. Amma kuɗinta bai kama ƙafar na ƙasashen waje ba, yana kusa da iyalinsa, zai kuma koyi aikin a kan irin majiyyatan da zai yi wa hidima, cikin harshen da su ke ji.

Wanda ya yi karatunsa a waje kuma, ranar da ya komo gida sai ya kai takardunsa gaban MRTB ta tantance su kafin ya fara aiki. Rajistar wata ƙasa ba ta bin mutum ta ƙetare iyaka da kanta.

Abin Da A Ke Koya

Kowace ƙofa mutum ya bi, kayan da zai ɗauka iri ɗaya ne. Zai haddace ƙasusuwan babban mutum 206, da ɗaruruwan tsokoki, ya san inda kowace ta faro da inda ta ƙare, da jijiyar da ke motsa ta. A jami'o'i da yawa a kan koyi wannan a kan gawa, wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba gara ya sani tun yanzu. Zai koyi aikin zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, da yadda cuta ke ɓata su. Zai koyi karanta hoton ƙashi, da amfani da na'urorin zafi da na lantarki, da sanin wanda bai kamata a sa wa su ba. Zai koyi alamun da ke nuna ciwon bayan nan ba na gajiya ba ne, sai a gaggauta mai da mutum wurin likita. A digiri na biyu kuma akwai aikin bincike da zai rubuta a ƙarshe.

'Yan aji su kan gwada aikin a jikin juna kafin a bar su su taɓa majiyyaci. Aiki ne na hannu da na tsayuwa, ana ɗaga mutane masu nauyi, ana durƙusawa a tabarma tare da yara. Yana kuma bukatar haƙuri irin na manomi. Likitan tiyata ya kan ga sakamakon aikinsa cikin sa'o'i, likitan gashi kuwa ya kan yi wata biyu yana jiran yatsa ɗaya ya motsa. Wata rana zai gaya wa uwa gaskiya cewa ɗanta ba zai yi tafiya ba, amma za a iya koya masa zama da cin abinci da kansa. Wani majiyyaci zai zo bayan an ɗaure masa karaya tamau a gida har hannu ya lalace, dole kuwa a karɓe shi ba tare da gori ba. Mu malaman makaranta mun ga kamanni tsakanin wannan aiki da namu, gama rabinsa koyarwa ne: a koya wa majiyyaci, a koya wa matarsa ko 'yarsa abin da za su riƙa yi masa safe da yamma, tun da ya ke awa ɗaya ya ke yi a asibiti, sauran kwanakin mako a gida ya ke.

Lissafin Gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin makaranta na baƙon ɗalibi a Ingila ya haura fam 15,000 a shekara a yawancin jami'o'in da ke wannan karatu, shekara biyu kuwa za a biya. Ban da wannan akwai haya, da abinci, da kuɗin biza da na inshorar lafiya, da kuɗin mota zuwa asibitocin da za a tura shi, waɗanda wani lokaci suna wani gari. Kada iyali su dogara ga cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa. Bizar ɗalibi ba ta yarda ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu ba, a makonnin da ya ke asibiti kuwa tun safe har yamma yana tsaye. Masu aure su lura da wannan kuma: tun daga Janairu na 2024 ɗalibin da ya je irin wannan digiri na biyu ba shi da izinin tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. Shekara biyu ke nan na rabuwa, ya kamata miji da mata su zauna su yi shawara a kai tun kafin a cika fom. Amurka kuwa shekara uku ce, nauyin ya fi haka.

Ba muna hana kowa tafiya ba ne. Wanda ya sami tallafin karatu, ko iyalinsa suna da hali ba tare da an sayar da abin da ƙanne za su ci ba, ƙofar shekara biyu alheri ce gare shi. Muna roƙo kaɗai a yi lissafin har ƙarshe, gama karatun da ya tsaya a tsakiya ba ya ba da lasisi ko rabi.

Tambayoyi Biyar Kafin A Biya Kobo

1. Wace hukuma ce ta ke ba da izinin aiki a ƙasar, sunan wannan kwas kuma yana cikin jerinta? Ku duba da idonku, kada ku tsaya ga maganar dillali.

2. An rubuta a fili cewa wanda ya gama zai iya neman rajista? Idan ba ku gani ba, ku rubuta wa jami'ar, ku ajiye amsarta.

3. Awa nawa ne na aiki da majiyyata a asibiti? Kwas ɗin da babu wannan a ciki, ko wanda aka ce za a yi shi duka ta intanet, ba zai mai da kowa likitan gashi ba.

4. A wace ƙasa yaron zai yi aiki daga baya, me hukumar can za ta nema a hannunsa?

5. Shi mai son karatun ya taɓa zama a sashen gashi ya kalli aikin? Ya nemi izini a asibiti mafi kusa, ya yi mako biyu yana gani, ya tambayi ma'aikatan daɗin aikin da wuyarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Da muka gama bayyana wa baƙinmu waɗannan abubuwa, uban ya yi shiru, ya ninke takardar ya mai da ita aljihu. Muka ce wa yarinyar, "'Yata, hanyar gida shekara biyar ce ko shida. Za ki iya?" Ta ce, "Malam, Mama ta yi wata bakwai kafin ta iya riƙe cokali. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba." Da aka buɗe neman shiga kai tsaye ta cika fom, tana kuma zuwa sashen gashi ranakun da ba ta da aji, tana taimakon ma'aikata da tura keken majiyyata. Filin yana nan ba a sayar ba, bana gyaɗa aka shuka a ciki.

Asibitocin garuruwanmu da yawa ba su da likitan gashi ko ɗaya, masu shanyewar jiki suna kwance a ɗakuna ba mai motsa musu hannu. Idan akwai ɗa ko 'ya a gidanku da zuciyarsa ta karkata ga wannan aiki, ku ƙarfafa shi, ku kuma taimake shi ya shiga ta ƙofar da za ta kai shi bakin gadon majiyyaci. Allah ya ba mu hikima.